Malamina ya ce labari na ba shi, nazari yake so

Assalamu alaikum. Ni ɗaliba ce a aji biyu na jami'a, ina karanta adabin Turanci. An ba mu jinga ta kalmomi 2500 a kan littafin William Golding mai suna Lord of the Flies, aka ce mu yi nazarin takun-saƙar wayewa da dabbanci a cikin yaran labarin. Na zage na rubuta shafi takwas. Na nuna Ralph da Piggy su ne wayewa, Jack da Roger su ne dabbanci, na bi labarin tun daga faɗuwar jirgin saman da ya jefa yaran wani tsibiri da ba kowa har zuwan sojan ruwan da ya cece su. Malamin ya dawo mini da takardar, ya rubuta a sama da jan biro cewa labari na ba shi, shi kuwa ya riga ya san labarin. Ya ba ni kwana goma in gyara. Wallahi ban gane inda na kauce ba. Sannan littafin kansa yana sosa mini rai. Ina da ƙanne maza uku, kuma kamar marubucin cewa yake kowane yaro mugu ne, tsoron bulala kawai ke riƙe da shi. Don Allah a taimaka mini da shawara.

Ɗaliba daga Zariya

Wa alaikumus salam, ƙanwata. Ki kwantar da hankalinki, kwana goma ya isa, kuma malamin da ya dawo miki da aiki maimakon ya dangwara miki maki kaɗan ya wuce, ya yi miki gata.

Inda kika kauce shi ne rabon da kika yi tun farko. Da zarar ɗalibi ya ja layi a tsakiyar takarda, ya sa Ralph da Piggy a dama, Jack da Roger a hagu, to ya gama faɗin duk abin da zai faɗa a jimla ɗaya, sauran shafukan sai dai ya cika su da "sai wane ya yi kaza, daga nan sai wane ya yi kaza". Wannan shi ne labarin da malaminki ya ce ya sani. Jigon da aka ba ki, wato wayewa da dabbanci, filin da za ki yi noma a kai ne. Abin da ake jira daga gare ki shi ne ra'ayi a kan wannan jigo, ra'ayin da wani mai hankali zai iya cewa bai yarda ba, ke kuma ki kawo masa hujja daga cikin littafin. Ga yadda za ki gwada: ki karanta wa ƙawarki jimlar da kika gina aikin a kai. In ta ce "ai kowa ya san haka", ki yar da ita.

Kuma rabon naki ma littafin bai goyi bayansa ba. Ki koma babi na 1 ki sake kallon shigowar Jack. Shi ne shugaban yara mawaƙan coci, ya jero su sahu biyu cikin baƙaƙen alkyabbu a tsakar zafin rana, bai bar su sun zauna ba har sai da Simon ya yanke jiki ya faɗi. Duk cikin yaran babu wanda ya kai shi horon makaranta. A babi na 2 shi ne ya fi kowa murnar a kafa dokoki da yawa, kuma abin da ke faranta masa rai shi ne hukuncin da za a yi wa wanda ya karya su. Shi ne dai ya ce su ba mutanen daji ba ne, Ingilishi ne, Ingilishi kuwa sun fi kowa iya komai. Ralph da kika sa a gefen kirki, shi ne ya tona sunan tsokanar Piggy a gaban jama'a bayan yaron ya roƙe shi kada ya faɗa. A babi na 7 ya soki alade da mashi ya ji daɗin abin har yana ta nanatawa, sannan da aka kama Robert ana wasan farauta da shi, shi ma ya kutsa yana neman inda zai kai hannu. A babi na 9, daren da aka kashe Simon, Ralph da Piggy suna cikin da'irar rawar. Da gari ya waye Ralph ya ce kisan kai ne, Piggy mai hankalin nan kuma ya dage cewa tsautsayi ne, duhu ne ya jawo, har ya nemi ɗora wa mamacin laifi.

Idan kika jera waɗannan, ra'ayi zai fito miki da kansa. Misali: dabbancin yaran ba a tsibirin suka tsince shi ba, da shi suka sauko daga jirgi, yana naɗe cikin tarbiyyar da suka zo da ita. Ko kuma: abin da ya fara mutuwa a tsibirin kunya ce, doka daga baya ta bi ta. Kowane daga cikin biyun nan zai ɗauki kalmomi 2500, kuma ana iya musanta shi. Ni na fi son na biyun, domin hujjojinsa a bayyane suke kuma ɗalibai ba su cika bin ta nan ba.

Yanzu aikin hannu. Littafin babi 12 ne. Ki ba shi kwana huɗu, babi uku kullum, da biro a hannu. Kada ki bi labarin a wannan karatun, kin riga kin san shi. Ki ware shafi ɗaya ɗaya a littafin rubutunki ga abubuwa huɗu: katantanwar tekun da suke busawa kamar ƙaho don kiran taro, mai riƙe da ita ke da damar magana, tabaran Piggy, wuta, da dodon da yaran ke tsoro. Duk inda ɗayansu ya fito, ki rubuta lambar shafi, wanda ke riƙe da shi, da kalmomin da marubucin ya siffanta shi da su a wannan wurin. Dalilin wannan wahala shi ne alama a ƙagaggen labari ba ta tsayawa a ma'ana ɗaya. Ɗalibin da ya rubuta "katantanwa tana nufin doka" ya tsaya nan, bai yi komai ba. Wanda ya bi ta zai ga launinta yana kodewa da rana har ta koma fara fat kamar a hango ta cikinta, zai ga Jack ya fara cewa ba ta da iko a kan dutse a babi na 2, ya ce ba a bukatarta kuma a babi na 6, ya ce ba ta aiki a ɓangarensa na tsibirin a babi na 9. A babi na 10 da mutanen Jack suka kai hari cikin dare, Piggy ya ɗauka ita suka zo ɗauka, ashe ko kallonta ba su yi ba, tabaransa suka sace don kunna wuta. Nan ikonta ya ƙare. Fashewar da ta yi a babi na 11 jana'iza ce kawai. Kin ga wannan bibiyar ta ba ki sakin layi uku ba tare da kin ba da labari ba.

Haka wuta. Ta farko ta ƙwace musu ta cinye gefen dutse, wani ƙaramin yaro mai tabo a fuska ba a sake ganinsa ba, kuma wannan ya faru ne a babi na 2, lokacin da kowa ke bin Ralph, ba wanda ya shafa fenti. Ta mutu a babi na 4 daidai lokacin da jirgin ruwa ke wucewa, domin Jack ya kwashe masu gadinta zuwa farauta. Ta ƙarshe an cinna ta ne don a ƙona Ralph a fito da shi daga maɓoya, kuma hayaƙinta ne ya jawo jirgin da ya cece su. Za ki ci karo da masu cewa tabaran wanda ba ya gani nesa ba ya tara hasken rana, watsa shi yake yi, don haka ba zai kunna wuta ba. Gaskiya ne, Golding ya yi kuskure a nan, amma kada ki ɓata masa ko layi biyu, ba ya ƙara wa hujjarki komai.

Bari in zauna a kan wuri ɗaya in nuna miki yadda ake matse shi, domin nan ne yawancin ɗalibai ke kasawa. A babi na 4 ƙaramin yaro Henry yana tsugune a bakin ruwa yana tsokanar ƙananan halittun da igiyar ruwa ta kawo da ɗan tsinke. Roger ya laɓe bayan bishiya yana jifansa da duwatsu, amma da gangan yake kuskurewa. Marubucin ya ce akwai wani fili mai faɗin kamar yadi shida kewaye da yaron wanda Roger ba ya iya jefa dutse a cikinsa, domin kariyar iyaye da makaranta da 'yan sanda da doka tana nan kewaye da shi ko da ba a ganinta. Mai ba da labari zai rubuta: Roger ya jefi Henry bai same shi ba. Mai nazari zai tambaya: me ya sa aka auna hanin da yadi, kamar fili ne da za a iya ragewa? Me ya sa aka ce hannun Roger ne aka hora, ba a ce zuciyarsa ba? Amsar ita ce Golding yana nuna tarbiyyar Roger ba ta shiga ciki ba, a gaɓa ta tsaya, kuma abin da ya tsaya a gaɓa yana sakewa in an daɗe ba a motsa shi ba. Sai ki haɗa da babi na 11, inda hannun nan dai ya danne gungumen da ya saki ƙaton dutse a kan Piggy, ya faɗo ƙafa arba'in. Yadi shida ya koma babu. Jifa biyu, babi bakwai a tsakani, hannu ɗaya.

A wannan babi na 4 ɗin ne kuma Jack ya shafa farar ƙasa da ja da gawayi a fuska, ya leƙa ruwa ya ga baƙo, kuma marubucin ya faɗa ƙarara cewa fentin ya 'yanta shi daga kunya. A babi na 1 yaron nan ya ɗaga wuƙa a kan ɗan alade ya kasa sokawa. Ke Bahaushiya kin fi ɗalibin Landan sanin nauyin wannan, domin kin san abin da ake nufi in an ce wane ba shi da kunya, kin san yadda idon wanda ya san gidanku ke hana ki abin da doka ba ta ma hana ba. Ki lura da abin da ke biyo baya a salon marubucin: a babobin ƙarshe ya rage kiran yaran Jack da sunayensu, sai ya riƙa cewa "wani ɗan daji". Suna ya tafi tare da fuska. Ƙaramin Percival, wanda ya haddace cikakken sunansa da adireshin gidansu yana rerawa kamar karatu, da sojan ruwa ya tsaya a gabansa sai ya nemi sunan ya rasa.

Kowane sakin layi ki gina shi haka: jimla ɗaya ta abin da kike da'awa, sai wurin da hujjar take da lambar shafi, sai jimla uku ko huɗu a kan kalmomin marubucin da dalilin zaɓensu, sai jimla ɗaya da ke mayar da maganar kan ra'ayinki. Abin da za ki ciro daga littafin kada ya wuce layi biyu a lokaci guda, sau da yawa kalma uku ko huɗu sun wadatar. Ki raba kalmomin kamar haka: 200 gabatarwa, sassa uku na 600 kowanne, 300 na hujjar masu saɓa miki, 200 kammalawa. In kin gama, ki ɗauki jan biro ki ja layi ƙarƙashin kowace jimla da ke faɗin abin da ya faru kawai. In jan ya wuce kashi ɗaya cikin huɗu na shafi, kin koma gidan jiya.

Tarihin marubucin ki taɓa shi kaɗan, inda yake aiki. An haifi Golding a 1911, ya koyar da yara maza a wata makaranta a Salisbury, ya yi Yaƙin Duniya na Biyu a rundunar sojan ruwan Birtaniya, yana cikin waɗanda suka kai farmakin Normandy a 1944. Littafin ya fito a 1954, shi kuma ya sami kyautar Nobel a 1983. Abin da ya fi waɗannan amfani gare ki shi ne littafin R. M. Ballantyne mai suna The Coral Island na tsakiyar ƙarni na 19, inda yara uku Turawa, biyu daga cikinsu Ralph da Jack, suka faɗa tsibiri suka zauna lafiya, sharri kuwa daga waje yake zuwa musu, daga 'yan fashin teku da mutanen tsibiran. Golding ya ari sunayen ya juya labarin, har ya sa sojan ruwan ya ambaci wancan littafin a shafukan ƙarshe. Sunan littafin nasa kuma fassarar Beelzebub ce, wato Sarkin Ƙudaje, ɗaya daga sunayen Shaiɗan a al'adar Kirista, kuma a cikin labarin kan aladiya ne da aka soke a sanda ƙudaje suka rufe shi.

Kada ki bar manya su tsira a nazarinki. Yaƙin manya ne ya jefo yaran tsibirin. A ƙarshen babi na 5 Ralph ya yi fatan manya su aiko musu da wata alama, babi na 6 ya buɗe da gawar sojan sama tana saukowa da lema daga faɗan jirage, kuma ita ce yaran suka ɗauka dodo. Wanda ya cece su yana da bindiga a ƙugu, jirgin yaƙinsa na jira a teku, yana kuma yi musu faɗan cewa ya zaci yaran Birtaniya za su fi haka. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe.

Sashen masu saɓa miki shi ne zai ɗaga makinki, kuma a nan damuwarki game da ƙannenki za ta yi miki amfani. Hujja ta farko: kalmar dabbanci kanta. Golding ya nuna Bature ma yana iya lalacewa, amma siffar lalacewar da ya zaɓa ita ce fenti a fuska, mashi, rawa da waƙa a da'ira, wato hoton da Turawan mulkin mallaka suka zana wa mutanen Afirka da na tsibirai. A bugun farko ma, a jawabin Piggy na ƙarshe akwai kalmar cin mutuncin baƙar fata, wadda wasu bugu na baya suka canza. Ki duba naki bugun a babi na 11. Kina da damar cewa kisa mafi yawa a duniyar littafin masu kaki da jiragen sama ne ke yinsa, amma kalmar ɗan daji ba ta taɓa hawa kansu ba.

Hujja ta biyu ta faru da gaske. A 1965 wasu yara shida 'yan makarantar kwana a ƙasar Tonga suka ɗauki kwalekwale, guguwa ta kai su wani tsibiri da ba kowa mai suna 'Ata. Sun yi wata goma sha biyar a can kafin wani ɗan Ostareliya, Peter Warner, ya tsince su a 1966. Sun raba aiki, sun riƙe wuta ba ta mutu ba, ɗayansu ya karye a ƙafa suka ɗaure masa har ya warke, kuma dukansu suka dawo da rai. Sai dai ki yi adalci wajen kawo wannan. Su shida ne, abokan juna ne tun daga makaranta, sun girmi yawancin yaran Golding, waɗanda Ralph a cikinsu shekararsa goma sha biyu da 'yan watanni, ƙananan kuwa kamar shida. Labarin Tonga bai rushe littafin ba, ya dai nuna cewa abin da Golding ya rubuta ƙagaggen misali ne da ya tsara don ya kai ga wani sakamako: ya cire mata, ya cire manya, ya haɗa yaran da yawancinsu ba su san juna ba, ya zuba musu tsoro.

Saboda haka kada ki kalli ƙannenki da idon wannan littafi. Golding ya rubuta ne daga abin da ya gani a yaƙi, kuma tunaninsa ya jingina da akidar Kirista ta zunubin asali, wato cewa ana haihuwar ɗan Adam da zunubin da ya gada. Ke kin tashi da hadisin da ya ce ana haihuwar kowane yaro a kan fiɗira. Ba dole ne ki yarda da marubuci kafin ki yi nazarinsa ba, kuma kina iya ambaton wannan bambanci a jimla biyu cikin sashen saɓani, muddin ba ki mayar da jingar wa'azi ba. Littafin ma bai ce duka yara ɗaya ne ba. Simon yana tsinko wa ƙanana 'ya'yan itacen da hannunsu bai kai ba, ya miƙa wa Piggy namansa, shi kaɗai ya ce wataƙila dodon mu ne da kanmu, shi kaɗai ya hau dutsen ya gane gawa ce ba dodo ba, ya kwance mata igiyoyi. Babu bulalar da ta sa shi. Ɗalibai da yawa suna tsallake shi don bai shiga layin dama ko hagu ba, alhali shi ne tambayar da ta fi wuya a littafin: in tsoron hukunci ne kaɗai ke riƙe yaro, daga ina Simon ya fito? Ki ba shi aƙalla sakin layi guda.

Rana ta biyar ki baza shafukanki huɗu ki zaɓi wurare tara kacal, uku ga kowane sashe, ki haƙura da sauran ko da sun burge ki. Rana ta shida zuwa ta takwas ki rubuta sashe ɗaya kullum, ki bar gabatarwa sai ƙarshe, domin sai kin gama za ki san ainihin abin da kika tabbatar. Rana ta tara ki rubuta sashen saɓani da gabatarwa da kammalawa, ki ba wanda ya karanta littafin ya faɗa miki ra'ayinki a jimla ɗaya. In ya kasa, ki gyara jimlar farko ta kowane sashe. Rana ta goma ta duba lambobin shafi ce da sunan bugun da kika yi amfani da shi, don lambobin suna bambanta daga bugu zuwa bugu. Kuma tun gobe, kafin ki fara rubutu, ki rubuta jimlar ra'ayinki a 'yar takarda ki kai wa malamin ofis ya duba, ba zai ɗauke shi minti biyar ba. Allah ya ba da sa'a.